Baba Begila Ya Nemi Magaji

Duk wanda ya taɓa kai risho gyara a layin da ke bayan tashar mota ya san Baba Begila. Rumfarsa ce ke kallon famfo, mai rufin kwano da ya sha faci, cikinta maƙare da matattun rishuna da fitilu, lagwani a rataye kamar kayan shanya, ga warin kananzir da ya kama komai har da hularsa. Dogon tsoho ne siriri, bai iya zama a karkace ba ko da a kan benci mai gurguwar ƙafa ne. Mutane da yawa sun ɗauka Begila sunansa ne na yanka, alhali a bariki ya samo shi, daga ƙahon tagullar nan da sojoji ke busawa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansa.

Shigarsa soja ma ba don son bindiga ba ne. Yana saurayi yana koyon ƙira a wajen kawunsa, wata rana 'yan badujala suka ratsa gari suna fareti da ganguna da ƙahonni. Ya ajiye zugazugi ya bi su kamar yadda kowa ya bi, sai dai kowa ya gaji ya koma, shi bai juyo ba sai da ya ga ƙofar da suka shiga. Da lokacin ɗaukar kurata ya zo, ya je ya shiga layi. Mahaifiyarsa ta yi kuka, kawun ya yi fushi ya huce. A bariki aka lura yana da dogon numfashi, aka miƙa masa begila. Shi ke tashin bataliya da asuba, shi ke kiran cin abinci, shi ke busa idan za a sauke tuta da yamma. Yakan ce duk barikin babu wanda aka fi zagi da safe kamarsa, babu kuma wanda aka fi sa wa albarka da rana tsaka.

Da yaƙi ya ɓarke, aka karɓe kayan kiɗa daga hannun 'yan badujala aka ba su gadon ɗaukar masu rauni. Bai taɓa harbin kowa ba, amma ya ɗauki mutane da yawa. Wasu sun isa asibitin sansani da rai, wasu kuwa tun a hanya yakan ji nauyinsu ya canja a hannunsa. Begilar na cikin jakarsa, ba ya fito da ita sai za a yi bankwana da wanda ya faɗi. Ba ya son zancen wannan lokacin. In aka matsa masa sai ya ce, “Mun je, mun dawo, wasu ba su dawo ba,” ya ci gaba da murɗa lagwaninsa.

Ya yi ritaya da igiya biyu a kafaɗa, wato kofur, ya buɗe rumfar nan, ya rayu da matarsa da 'ya'yansu a gida mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Matar yana kiranta Samanja, domin ya ce tun ranar da ta tare ya gane ta fi shi muƙami. Ita kuma ba ta taɓa musawa ba.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta garin tana taro ne a wani tsohon sito a bayan asibitin sha-ka-tafi. Ɗaki ne guda mai benci-benci, da tebur, da hoton bataliya da ya koɗe, a waje kuma ɗan fili da sandar tuta. Manjo ne ya riƙe ƙungiyar tun kafuwarta, mutum mai tsare gida, mai takalmi kamar madubi. Wurin zaman Baba Begila shi ne bencin ƙarshe kusa da ƙofa, tare da amininsa Kuku, wanda ya yi wa bataliyarsu girki har ya tsufa, bakinsa kuma bai tsufa ba. Aikin Baba Begila a ƙungiyar ɗaya ne. Ranar tunawa da waɗanda suka faɗi, da kuma duk ranar da wani ɗan ƙungiya ya riga su gidan gaskiya, yakan sa tsohon kakinsa ya tsaya ya yi busar bankwana. Bai taɓa neman fiye da haka ba.

Sai Manjo ya gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Kujera ta zama babu kowa a kai, mutum biyu suka miƙe suna nemanta: Kyaftin, mai gashin baki da sandar hannu, da wani tsohon laftana da ba sa ga maciji da juna tun suna cikin kaki. Ƙungiya ta rabu gida biyu. Aka yi taro aka watse baram-baram, aka sake yi aka kusa ɗaga sanduna. A taro na gaba Kuku ya miƙe daga bencin baya yana dafe da gwiwa.

“Ranku ya daɗe, tunda manya sun kasa, a ba mai busa mana. Ko ba komai mun saba in ya kira mu taru.”

Aka yi dariya. Amma da aka zo ɗaga hannu, mutanen Kyaftin suka ɗaga don kada laftana ya samu, mutanen laftana suka ɗaga don kada Kyaftin ya samu. Kowane ɓangare na ganin kofur ne, za a juya shi yadda aka ga dama. Baba Begila ya fito daga siton yana shugaban ƙungiya, bai san yadda aka yi ba.

A gida ya tarar da Samanja tana tsince shinkafa. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata.

“Kai ɗin?” ta ce, ba ta ko ɗago ba.

“Ni ɗin.”

“To, Allah ya taya riƙo. Amma ka sani shugabancin nan a bakin ƙofa yake tsayawa.”

“Na san wannan tun kafin a haifi waɗanda suka zaɓe ni.”

Ta yi murmushi, sannan ta dube shi sosai. “Tsoro kake ji, Kofur.”

“Ban iya jawabi ba. Ban iya zama a bayan tebur ba.”

“Ka je ka gai da Manjo tukuna. Jawabi ya biyo baya.”

Washegari ya hau kekensa ya tafi. Ya sami Manjo a kujerar roba a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, bakinsa ya ɗan karkace, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. An yi masa aski, an sa masa riga mai guga, takalman nan an goge su an ajiye a gefensa ko da yake ba inda za shi. 'Yarsa ta raka Baba Begila ƙofa bayan sun gaisa, ta rage murya.

“Baba, kullum sai ya sa an shirya shi haka. Wai ko mutanensa za su zo. Makon farko sun yi ta zuwa, daga nan shiru.”

Maganar ta tsaya masa a rai. A kan hanya ya riƙa tuna waɗanda ya daina gani a taro: wanda ido ya tafi, wanda ƙafa ta hana, wanda ya koma gidan ɗansa a ƙarshen gari. Ba wanda ya kore su, zuwa ne suka kasa, aka kuma manta da su a hankali. Don haka umarninsa na farko a matsayin shugaba shi ne taro mai zuwa a tsakar gidan Manjo za a yi, na bayansa a gidan makahon, haka har a zaga kowa.

“Wannan ƙungiya ce ko yawon gaisuwa?” in ji Kyaftin.

“Ranka ya daɗe, duka biyun ne,” Baba Begila ya amsa a tsaye ƙyam, kamar yana gaban fareti.

Kyaftin ya yi tsaki, amma ranar taron shi ya riga kowa isa. Da tsofaffin suka cika tsakar gidan, kowa ya zo ya ƙame a gaban kujerar roba ya sara, Manjo hawaye kawai yake, 'yar tana share masa da gefen mayafi. Daga ranar taro ya fara cika fiye da da. Matan gidajen kan dafa shayi, jikoki su aro kujeru a maƙwabta, mutanen da aka ɗauka sun ƙare sai ga su suna gardama a kan wace bataliya ce ta fara tsallake wani kogi.

Ana cikin haka tsautsayi ya sami Baba Begila. Yana dawowa daga gidan makahon bayan an ɗauke ruwan sama, tayar kekensa ta faɗa ramin da ruwa ya rufe, ya kifa da baki a kan kwalta. Ba abin da ya karye a jikinsa, amma haƙoransa na gaba, na sama da na ƙasa, a wurin ya bar su. Da kumburin ya saɓe, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya fito da begila daga jakarta, ya kai baki. Iska ce kawai ta fito, fuu, kamar an sace taya. Ya gyara leɓe ya sake. Ba abin da leɓen zai jingina da shi. Ya daɗe zaune a bakin gado da ƙahon a kan cinya. Samanja ta turo ƙofa ta gan shi, ta ajiye masa ruwa ta zauna kusa da shi.

Kuku ne ya fara mayar da abin wasa. “Shugaba, yanzu kai da jikanka ba a san wa zai riga wani fitar da haƙori ba.”

A taron da ya biyo baya aka tattauna batun, domin ranar tunawa ta kusa. Kyaftin ya ce abin ba wuya, ɗansa zai sa busar a waya a haɗa da lasifika, ai wurare da yawa haka ake yi yanzu. Baba Begila ya ce bai ƙi ba, in an rasa yadda za a yi. Amma ya roƙi a ba shi lokaci ya nemi mai rai, domin a ganinsa waɗanda suka ba da numfashinsu sun cancanci wani ya tsaya ya ba su nasa. Aka ce to a gwada na cikin gida. Kuku ya karɓa ya cika kumatu ya busa, sautin ya fito kamar akuya mai mura, ya zauna yana haki sai da aka yi masa fifita. Wasu biyu suka gwada, tari ya sarƙe su. Aka yi dariya har da hawaye, amma kowa ya gane cewa duk cikinsu babu sauran mai ƙirjin da zai ɗauki begila.

Akwai wani ɗan kamasho a tashar motar da ke gaban rumfar Baba Begila, mai kiran fasinja, wanda ake ce wa Bahago. Magidanci ne da bai wuce talatin da 'yan kai ba, hannunsa na dama a gwiwar hannu ya tsaya, yakan naɗe hannun rigar ya maƙale da fil. In ya ɗaga murya yana kiran mota, har ƙarshen layi ake ji, kuma yakan ja kira ɗaya ya daɗe bai shaƙi iska ba. Baba Begila ya jima da sanin cewa soja ne. Ba wanda ya gaya masa, tsayuwarsa ya gani, da yadda yake zaɓen wurin zama bayansa na jikin bango. Irin samarin nan ne da suka dawo daga yaƙin baya-bayan nan, wanda tsofaffin ke ji a rediyo kawai.

Wata rana da azahar, tasha ta yi sanyi, Baba Begila ya same shi a inuwar wata mota ya yi masa sallama, ya gabatar da kansa, ya gayyace shi taro.

“Na san ƙungiyarku, Baba,” in ji Bahago. “Na taɓa zuwa, ina fitowa daga asibiti.”

“Ban gan ka ba.”

“Ban wuce ƙofa ba. Wani mai sanda da gashin baki ya dube ni ya ce shekaruna a kaki ba su kai yadda dokarku ta ce ba.” Ya ɗan ɗaga guntun hannun. “Na ɗauka abin da na bari a can ya isa. Ashe shekaru ake so.”

Baba Begila ya ce, “An yi maka ba daidai ba,” ya koma rumfarsa.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta kawo risho mai hayaƙi, da goyo a bayanta. Yana kwance kan rishon ta ce ita ce matar Bahago, kuma maigidan ya ba ta labarin zuwansa.

“Kada ka ji haushinsa, Baba. Tun da ya dawo bai taɓa zancen wurin da kowa ba, har ni. In ya hango masu kaki sai ya canja hanya. Amma ranar da ka yi masa magana, ya ciro hularsa ta soja daga ƙasan akwati ya daɗe yana kallo.”

“Ki ce ya zo ya karɓi rishon da kansa, 'yata. Yana da nauyi ga mai goyo.”

Ta dubi rishon, wanda ko yaro zai ɗauka, ta gane, ta yi godiya ta tafi.

Da Bahago ya zo, begila na rataye a ƙusa tsakanin fitilu, ta sha guga tana walƙiya. Idonsa ya sauka a kanta ya tsaya.

“A barikinmu lasifika ke yi,” ya ce.

“Ɗauko ta ka gani.”

“Da wane hannun?”

“Da wanda kake da shi. Duba, ba ta da maɓalli ko ɗaya. Hannu ɗaya ke riƙe ta, sauran aikin na leɓe ne da ƙirji. Ni ina da hannu biyu ba ni da haƙori.” Ya buɗe baki ya nuna masa wawulon.

Bahago ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa. Ya sauko da ita, ya kai baki ya busa da dukan ƙarfinsa. Wata irin ƙara ta fito, mai sayar da shayi na kusa ya zabura ya zubar da kofi, tantabarun kan kwano suka watse.

“Ba faɗa ake da ita ba,” in ji Baba Begila. “Matse leɓe kamar za ka tofar da ƙwayar shinkafa. A hankali.”

Ya sake. A wannan karon sauti ya fito, gajere, amma tsaf. Suka dubi juna. Bahago ya mayar da ita ƙusa, ya ɗauki risho, ya ce shi fa bai yi alkawarin komai ba. Washegari da tasha ta yi sanyi sai ga shi. Haka ya riƙa zuwa, suna zagawa bayan rumfa kusa da tarin tsofaffin tayoyi, tsohon yana rera busar da hanci yana kaɗa yatsa, shi yana bi. Direbobi suka yi ta ƙorafi, daga baya suka saba.

Amma Baba Begila ya ƙudurta ba zai shigo da shi ta bayan gida ba, a matsayin ɗan haya mai busa. A taro na gaba, wanda ya sake zagowa gidan Manjo, ya miƙe ya kawo maganar dokar shekaru, ya ce a sauke ta ga duk wanda rauni ya fitar daga aiki.

Kyaftin ya buga sanda a ƙasa. “Dokar nan ba don mugunta aka yi ta ba. Kun manta lokacin da ake rabon tallafi, kowane ɗan iska ya sayo hula a kasuwa ya zo ya ce shi soja ne? Kuma waɗanda muka zauna muka yi ta tare, rabinsu suna ƙasa. Yanzu rana ɗaya kofur zai share abin da suka bari?”

Wasu suka gyaɗa kai, domin maganar tana da ƙamshin gaskiya. Baba Begila bai yi gardama da ita ba.

“Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa, kuma na san dalilin dokar. Amma ni aikina a yaƙi ɗaukar mutane ne. Ban taɓa tambayar wanda ke kan gadon shekara nawa ya yi ba. Wasu kurata ne, ko wata uku ba su yi ba, kuma duk shekara muna tsayawa mu tuna da su. Wannan da ya dawo da rai fa? Sannan ku dube mu. Ko ƙaho mun kasa busawa. In ba mu buɗe wa yaran nan ƙofa ba, wa zai tsaya mana?”

Sai aka ga Manjo yana motsi a kujerarsa. Da ƙyar ya ɗaga hannunsa mai lafiya sama, ya riƙe shi a nan yana rawa. Ɗaya bayan ɗaya hannaye suka bi. Kyaftin bai ɗaga ba.

“Saura abu guda,” in ji Baba Begila, wanda bai taɓa ba hafsa umarni ba a rayuwarsa. “Wanda ya mayar da Bahago daga ƙofa, shi ya dace ya je ya kira shi.”

Kyaftin ya tashi ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Taro na gaba bai zo ba. Kuku ya ce, “Shugaba, ka taɓo gashin bakin da ba a taɓawa.” Baba Begila kansa ya fara tunanin ko ya wuce gona da iri, har ya gaya wa Samanja zai je ya ba da haƙuri. Ta ce ya je ya gaishe shi, wannan wajibi ne, amma kada ya janye maganar. Haka ya yi. Ya je, suka gaisa a tsaitsaye, suka yi zancen ciwon gwiwa, ya dawo.

Ana saura kwanaki kaɗan ranar tunawa, sai ga Kyaftin a bakin rumfa, wai lagwani yake nema. Baba Begila ya san gas ake girki da shi a gidansa, amma ya yanko masa. Kyaftin ya juya lagwanin a hannu, ya yi gyaran murya.

“Ina yaron naka yake?”

Suka tsallaka tashar tare. Bahago na ganinsu ya daina kira, fuskarsa ta ɗaure. Kyaftin ya tsaya a gabansa, sanda a hammata.

“Na mayar da kai bisa doka. Dokar ta canja.” Gashin bakin ya motsa. “Amma ba doka ce ta hana ni tambayarka ba, kuma ban tambaya ba. A ina ka yi aiki, soja?”

Bahago ya faɗi bataliyarsa, ya faɗi inda aka kai su. Kyaftin ya tambayi wa ke riƙe da su, da yadda hanyar take, tambayoyi irin na wanda ya san aikin. Suka zauna a kan benci, maganar ta fara fitowa da kaɗan-kaɗan, daga baya ta ɓalle: motar da ta taka nakiya, abokansa da ke cikinta, wanda ya ɗaure masa hannun da igiyar takalmi bai kuma kai yamma ba. Mota ta cika ta tashi da kiran wani, ba su sani ba. Baba Begila ya zame ya koma rumfarsa ya bar su.

Ranar tunawa filin bayan asibitin ya cika. An kawo Manjo a keken marasa lafiya, an riƙo hannun makahon. Bahago ya iso da hularsa, kuma ba shi kaɗai ba. Ya zo da wani mai ɗingishi da ke haya da babur, da wasu 'yan'uwansa sojoji biyu, da wata mata da ta yi aikin sadarwa a rundunarsu, yanzu tana ɗinki. Suka tsaya a gefe suna ɗari-ɗari, sai Kyaftin ya nuna musu cikin sahu da sandarsa. Kowa ya ambaci wanda ya zo tunawa da shi, tsofaffi da sababbi, aka sassauto da tuta. Baba Begila ya miƙa wa Bahago begila.

Ya fara da kyau. Da ya kai inda busar ke hawa sama, sautin ya tsage ya mutu. Ya sauke ƙahon, idonsa ya cika.

“Daga farko,” Baba Begila ya ce masa a hankali. “Babu mai sauri a nan.”

Ya shaƙi iska ya sake. Wannan karon ta hau ta tsaya, ya ja ta ƙarshe har sai da ta narke da kanta. Matarsa na bayan sahu da goyonta tana share ido. Baba Begila ya lura a duk shekarun nan bai taɓa jin busar daga waje ba, kullum a cikin kansa take ƙara. Ya tsaya ya saurara kamar kowa, ya ga ashe haka take da daɗi, haka kuma take da ciwo.

Bayan nan sababbin suka riƙa zuwa taro, suka kawo wasu. Ba kullum ake shan inuwa ɗaya ba. Tsofaffin na cewa yaran ba su da ladabin fareti, yaran na cewa tsofaffin labari ɗaya suke maimaitawa. Amma mai babur ne ke ɗauko makahon yanzu, telar kuma ta rage wa kowa kakinsa da ya yi masa yawa. Autar Baba Begila ta kai shi aka yi masa haƙoran roba. Ya gwada busa da su sau ɗaya a gaban Kuku, suka yi tsalle suka faɗa cikin kwanon kananzir, daga nan ya haƙura.

Da wa'adinsa ya cika ya ce a ba wani, ya gaji. Aka ƙi. Kyaftin ne ma ya miƙe ya ce kofur ya ci gaba, shi zai yi masa mataimaki, laftana ya ce wannan ne karo na farko da ya yarda da maganar Kyaftin.

Kwanan baya ƙungiyar wani gari ta aiko tana roƙon a ara musu mai busa, domin sun yi rashin shugabansu. Da safe Bahago ya biyo rumfa da jakar begila a kafaɗa, tsohon ya tsaya yana ja masa kunne: kada ya sha ruwan sanyi kafin busa, kada ya bar kowa ya taɓa bakin ƙahon, ya tsaya inda iska ke bayansa.

“Na ji, Baba. Telar nan ma ta ce in na dawo in fara koya mata.”

“Tana da numfashi?”

“Ka taɓa jin ta tana ciniki?”

Baba Begila ya yi dariya har ya dafe haƙoransa. Ya raka shi bakin mota, ya ce wa direban ya tafi a hankali, sannan ya dawo ya sami wata tsohuwa na jiransa da fitilar da ta ƙi kamawa.